Alkawarin 1993 da Ƙasar Bagega

Kwanan baya malaminmu na tarihi ya ba mu labarin wani ɗan tsibiri a Tekun Fasifik mai suna Nauru, wanda faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilomita 21 ba. Turawa sun shekara da shekaru suna haƙar dutsen takin zamani a wurin, har yawancin ƙasar ta zama kufai. Da mutanen suka sami mulkin kai a 1968 ba su haƙura ba. A 1989 suka kai ƙarar Ostareliya Kotun Duniya, kuma a 1993 Ostareliya ta yarda ta biya su dalarta miliyan 107 saboda ɓarnar da aka yi wa ƙasarsu. Abokaina suna ta mamakin ƙarfin halin wannan ƴar ƙasa, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi gida, domin ni mutumin Gummi ne, dangin mahaifiyata kuma suna ƙasar Bukkuyum, inda mu ma haƙar ma'adini ta taɓa lalata mana ƙasa.

A wannan shekara ta 1993 ɗin dai, ran 29 ga Yuli, Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zaman jama'a da al'adu. Lokacin Janar Babangida ke mulki, ƙasa kuma tana ta tafasa saboda soke zaɓen 12 ga Yuni, don haka ba na jin talaka ya ma ji labari. Anka da Gummi da Bukkuyum a sa'an nan suna cikin Jihar Sakkwato, sai a 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnati nauyin rage mutuwar ƙananan yara da tsabtace muhalli da wuraren sana'a. Alkawari kuwa, in ji Hausawa, kaya ne.

Shekara 17 bayan haka aka zo neman mai ɗaukar kayan. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, manoma suka ajiye fartanya suka shiga ramuka. Ba wanda zai zarge su, don buhun dutse guda yakan fi abin da gona ke bayarwa. Sai dai dutsen yana tattare da dalma mai yawa. A cikin gida ake farfasa shi, a kai shi injin niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ina yaro a lokacin, amma ina tune da yadda mahaifiyata ta riƙa zuwa gaisuwar mutuwa a kai a kai, kuma kusan kullum ta goye ce ko ta ɗan yaye. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, shi ke nan. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce iska. Wasu ma sun ɓoye mutuwar don tsoron kada a hana su haƙa.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya da amfani in yaro zai koma kan ƙasar da ta ba shi cutar, saboda haka tilas a fara kankare saman ƙasar kowane gida, a binne, a zubo sabuwa. Tsakanin 2010 da 2011 an yi wa ƙauyuka 7 wannan aiki, cikinsu har da Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da Ƴargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Galibin kuɗin da masanan daga waje suka zo.

Bagega, wadda ta fi su girma, ita aka bari. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma daminar 2012 ta zo ta wuce ba a ga ko kwabo ba, yara kimanin 1,500 suna jira.

To, me ya hana mutanen Bagega yin abin da Nauru ta yi? Nauru ƙasa ce mai tuta, tana da kotun da za ta je. Mu kuwa tsarin mulkinmu na 1999 ya jera lafiya da ilmi da muhalli a Babi na Biyu, sa'an nan sashe na 6 ya hana kotu tuhumar gwamnati a kansu. Ita yarjejeniyar 1966 ba a mayar da ita dokar ƙasa ba, sashe na 12 na tsarin mulkin kuwa ya ce sai Majalisa ta yi haka kafin alƙali ya yi aiki da ita. A ganina wannan ba mantuwa ba ce, dabara ce.

Abin da ya motsa gwamnati a ƙarshe surutu ne. Ƙungiyar Human Rights Watch da MSF da wasu samari irin su Hamzat Lawal suka cika intanet da sunan Bagega, har Shugaba Jonathan ya saki kuɗin a watan Janairu na 2013. A wannan shekara aka kankare garin, aka fara ba yaran magani, shekara uku bayan an san sunan cutar.