Daga Dagona zuwa gadar Dutsi: tarihin ruwan Komadugu

Bayan shirinmu na makon jiya saƙonni sun yi yawa, kuma tambayar kusan ɗaya ce: me ya sa wata shekara Komadugu ke makara har masu garkar tattasai su shiga zullumi, wata shekara kuma ya iske mu har cikin ɗaka? Lokacin rediyo bai isa ba, shi ya sa muka kawo zancen nan.

Amsar ba a Diffa take ba. Mu kanmu ba mu gane ba sai da muka taka har Dagona, kusa da Gashua a jihar Yobe ta Najeriya, cikin wani hunturu. Tabki ne da hukuma ta keɓe wa tsuntsaye. Da sassafe muka isa, hazo bai tashi ba. Ga kirinjijiya, ga dinya, ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga wasu ƙanana da ma'aikacin gandun ya ce mana daga Turai suke zuwa gudun sanyi. Ko Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya je wurin a 1989. To amma mu ba tsuntsayen suka tsaya mana a rai ba. Ruwan da suke iyo a ciki, ɗan'uwan wanda ke wucewa ƙarƙashin gadar Dutsi ne.

A lakwal an koya mana cewa Komadugu iyaka ce tsakaninmu da Najeriya, kilomita kamar 150, ya faɗa tabkin Chadi wajen Bosso. Shi ke nan darasin. Ba a gaya mana cewa koguna biyu ne suka haife shi ba: na Hadeja da ke fitowa daga ƙasar Kano, da na Jama'are da ke gangarowa daga duwatsun Jos ya ratsa Bauchi. Kafin su haɗu, sai su baje cikin wata ƙatuwar fadama tsakanin Hadeja da Nguru. Fadamar nan ita ce rumbunmu. Tana shanye ruwan damina, ta riƙe, ta riƙa sako shi a hankali. Shi ya sa kogi ke cika a wurinmu bayan sama ta ɗauke.

A ƙarshen shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar. Sai fari ya zo, a 1973 da 1984. Tsofaffin N'Guigmi ba su manta yadda tabki ya guje su ba. A tsakanin nan aka gina barajin Tiga a 1974, daga baya na Challawa a 1992, domin noman rani da ruwan shan Kano. Zuwa farkon shekarun 1990, abin da ruwa ke rufewa bai kai rabin na da ba.

Wani abin kuma ba wanda ya yi tsammaninsa. A da, rassan kogin kan ƙafe da rani, ciyawa ta mutu, shanu su tattake. Da baraji ya soma sako ruwa rani da damina, sai kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru. Ruwan Hadeja ya karkata wajen Nguru yana cinye gonaki, wasu rassan kuma suka bushe ƙayau. Tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya, suna fitowa su gama da shinkafar mutane.

An yi ƙoƙarin gyara, gaskiya. Tun 1987 aka kafa shirin kare fadamar, a 2000 aka sa tabkin Nguru cikin jerin Ramsar, wato dausayoyin da duniya ta yarda a kiyaye. Ɓangarenmu na tabkin Chadi ya shiga a 2001. Amma takarda ba ta sare kacala. Abin da ya fi burge mu shi ne ƙauyukan da suka yi gayya, suka shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, suna buɗe hanya. Inda aka buɗe, ruwa ya koma, kifi ya biyo shi. Inda aka yi sake, ta sake tsirowa.

Kada wani ya ce fadamar da ta mutu ba ta tashi. A Muritaniya, bakin teku, akwai wani wuri Diawling. Da aka gama barajin Diama a kan kogin Senegal a 1986, ƙasar ta koma fako mai gishiri, masunta suka watse. Aka mai da wurin gandun hukuma a 1991, aka gina ƙofofin ruwa, daga 1994 aka riƙa sakin ambaliya da gangan, lokacin da kogi ya saba kawo ta. Kuma sai da aka zauna da masunta, da makiyaya, da mata masu saƙar tabarma kafin a tsai da lokacin buɗewa. Ciyawar tabarma ta dawo, kifi da tsuntsaye suka dawo.

Mu a nan wa ke tambayarmu lokacin buɗewa? Yarjejeniya dai akwai ta: Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka haɗa, har da Komadugu. Amma mai garka a Chétimari ko Gueskérou, sai dai ya ga ruwa a bakin injinsa, ko ya ga babu. Waɗanda ambaliyar 2019 da ta 2022 ta raba da gidajensu sun san zancen fiye da mu.

Ga kuma abin da muke so ku riƙe. Tunda kacala ta tare Hadeja, mafi yawan ruwan da ke iso mana yanzu na Jama'are ne, kogin da ba a datse da babban baraji ba. An soma gina masa ɗaya a Kafin Zaki, aikin ya tsaya shekara da shekaru, amma zancensa kan taso lokaci zuwa lokaci.

Dattawan da suka ga Komadugu kafin 1974, ku sa yara su rubuto mana a ƙasa: a wane wata ruwa ke isowa garinku, kuma yaushe yake ƙafewa? Za mu karanta a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.