Doka da Rami: Tarihin Salga a Ƙasar Gandi

Bahaushe yana da sunaye da yawa na wurin nan da ba ya son ambata: salga, masai, shadda, makewayi, bayan gida. Na ƙarshen nan shi ya fi faɗin gaskiyar tarihi, domin a ƙauye, tun zamanin da, abin da ake nufi shi ne bayan gidan sosai, watau fili ko daji. Muddin gari ƙarami ne, daji kuma kusa, ba wanda ya ɗauki wannan a kan laifi. Taruwar jama'a ita ta mai da shi magana ta hukuma.

Ƙasar Gandi, Rabah, Wurno da Goronyo kuwa ƙasar taruwa ce tun ƙarni na 19. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaunar da mutane a ribaɗai, ya mai da Wurno mazauninsa, can kuma ya rasu a 1837. Garuruwan nan duk a bakin ruwa suke, Wurno da Goronyo a kan Gulbin Rima, Gandi da Rabah a kan Gulbin Sakkwato. Albarkar fadama ita ce ta jawo mutane, amma ita ce kuma maƙiyiyar salga. A kusa da fadama ruwa ba shi da nisa a ƙasa, rami ba ya zurfi sai ya tarar da shi. A tudu inda rairayi ya yi yawa, bakin rami yakan zabtare da damina. Maigida ya haƙa bana, baɗi ya sake, in kuwa ramin yana kusa da rijiya, to, abin da aka zuba a ɗaya yana iya ɓullowa a ɗaya.

Turawa sun zo da doka. A 1917 aka kafa dokar kiwon lafiyar jama'a, daga baya kuma En'e ta riƙa aika ma'aikatan tsabta, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna duba-gari. Sunan ya dace da aikin. Duba-gari yakan shiga gida, ya leƙa randa, ya dubi salga, in ya ga ƙazanta a kai maigida gaban alkali a ci shi tara. Ba a aiko shi da siminti ba, ba kuwa da kuɗin haƙa. Wannan gado ne da duk gwamnatocin da suka biyo baya suka ci.

Bayan gyaran 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e, tsarin mulki na 1999 kuma ya lissafa makewayin jama'a da kwashe shara cikin ayyukansu. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta shigar da tsabtar gari cikin yaƙi da rashin ɗa'a a 1985, aka yi ta share tituna ranar Asabar. Rami dai yana nan a wuyan maigida.

Abubuwa biyu suka nuna iyakar wannan tsari. A Satumba 2010 ruwa ya yi ambaliya a kwarin Rima ƙasa da madatsar Goronyo, ya ci gidaje da gonaki. Ruwan da ya rushe ɗaki ba ya barin salga, kuma wanda ya rasa rumbu ba da rami zai fara gini ba. A Yuli 2018 kuma 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka kwararo Gandi. Garin da makewayinsa bai ishi masu shi ba, ga baƙi sun ƙaru a dare ɗaya. Ba abin mamaki ba ne da kwalara ta 2021, wadda aka yi zaton ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta yi ƙarfi a jihohin Arewa, har da Sakkwato.

A Nuwamba 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarni mai lamba 009, da nufin a daina bahaya a fili kafin 2025. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka shaida ta kai ga haka, a 2022, amma shekarar wa'adin ta zo ƙasar ba ta cim ma burin ba.

Akwai wata hanya da aka bi a Amurka. Can ma gidajen karkara suna dogara ga ramin siminti na ƙarƙashin ƙasa, irin wanda ake kira sokawe, kuma yana lalacewa. A 1987 majalisarsu ta kafa asusun rance mai juyawa: tarayya ta zuba kuɗi, jiha ta ƙara nata, a ba da rance mai sauƙi, abin da aka biya a sake ranta wa wani. Jihohi da dama sun buɗe ƙofar asusun ga masu gyaran sokawe. Hujjarsu ita ce ramin mutum ɗaya ruwan kowa yake ɓatawa, saboda haka jama'a na da rabo a gyaransa.

A Sakkwato irin wannan rance sai ya kauce wa kuɗin ruwa, in ana so manomi ya karɓa da kwanciyar rai. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san adashi, suka kuma saba cin bashi da bazara su biya da kaka. Bukatar maigida a Gandi ba ta wuce a ɗaure bakin rami da bulo, a ɗaga shi bisa ga iyakar ambaliya, a rufe shi da murfin siminti ba, lokacin biya kuma ya faɗo bayan an kai albasa ko shinkafa kasuwa.