Baƙin fentin Ford da gardamar wani gareji a Dutse

Wani mai karatu daga Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun, ya aiko mana da gardamar da ta kaure a garejin da ya kai motarsa a Dutse. Shi fari yake so a fesa mata, mai fenti kuwa ya ce masa: "Alhaji, da ka bari mun yi baƙi. Ya fi saurin bushewa, ai shi ya sa Bature ya fara da shi." To, wa ke da gaskiya?

Maganar mai fentin tana da tushe, sai dai ta sha doguwar tafiya kafin ta iso Jigawa, ta kuma zubar da kaya a hanya.

Tushen nata wata mota ce mai suna Model T, wadda Henry Ford ya fara ƙerawa a birnin Detroit na Amurka a 1908. Kafin a daina yin ta a 1927 an ƙera sama da miliyan 15. Abin da ake yawan mantawa shi ne, na farko-farkon ja ne da toka-toka da kore, daga baya shuɗi. Sai a 1914, bayan Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya da kansa a masana'antarsa ta Highland Park, aka koma baƙi zalla har zuwa 1925. A littafinsa na 1922, My Life and Work, ya ba da labarin yadda ya gaya wa ma'aikatansa cewa mai saye na iya zaɓar kowane launi muddin baƙi ne. Barkwancin ya zaga duniya, mutane kuma suka ɗora masa dalili.

Dalilin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda mai fentin Dutse ya gada. A wancan zamanin fentin mota irin na keken doki ne: a shafa da burushi, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa, har a kwashe makonni. Masu wannan ra'ayi suka ce Ford ya ga jiran zai tsayar masa da layi, sai ya rungumi wani baƙin fenti da ake haɗawa da kwalta, don shi ne mai bushewa da wuri.

Ɗaya ɓangaren, cikinsu har da Trent Boggess wanda ya tono tsofaffin takardun kamfanin, sun ce a bi a hankali. Baƙin fentin da aka yi amfani da shi a jikin Model T ya kai iri 30, kowane da wurinsa. Mai kwaltar nan a kan ƙarfe zalla ake sa shi, kamar bonet da ƙarfen da ke rufe saman taya, sannan a cusa cikin tanda mai zafin da ya kai digiri 200. Shi kuwa bodin, da yake firam ɗinsa katako ne, ba ya jure wannan wuta. Kwarara masa wani fenti daban ake yi, a ajiye shi ya bushe a sannu. Ni dai na fi karkata ga waɗannan. Tanda ce ta kawo saurin, kwalta kuwa ba ta da wani launi sai baƙi. Sauran dalilin aljihu ne: baƙi ya fi araha, ya fi jure rana da ruwa, kuma idan duk sassa launi ɗaya ne, babu zaman daidaita wannan da wancan. Duk wanda ya taɓa ganin mai fenti yana ɗiga kala yana motsawa, yana ɗangwalawa a murfin tanki don ya kamo asalin launin ƙofa ɗaya, ya san lokacin da hakan ke ci.

Wanda ya karya mulkin baƙi kamfanin DuPont ne, masu yin albarushi a lokacin. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga sinadarin audugar da suke haɗa albarushin suka fitar da fenti mai suna Duco, wanda ke bushewa cikin sa'o'i, ya kuma karɓi kowane launi. General Motors ta fara sa shi a motar Oakland ta 1924, shuɗiya. Kasuwa ta juya, a 1926 Ford da kansa ya dawo da launuka. Duco yana bushewa tun burushi bai bar wurin ba, don haka dole a fesa shi, kuma a nan bindigar feshi ta samu shiga. Abin dariya, kakarta ta asibiti ce: likita Allen DeVilbiss na garin Toledo ya ƙera abin fesa wa majinyata magani a maƙogwaro, ɗansa Thomas ya mayar da shi na fenti a 1907.

Saura sananne ne. Narkakkiyar dalma da ake cike lotsawa da ita ta ba fila wuri bayan fitowar filar da ake kira Bondo a 1955. A nan gida, kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa mota a 1975, 504 ta cika hanyoyin Arewa, kuma ƙarfenta mai kauri ya horar da masu bugun bodi da yawa a kan guduma da walda. Daga baya motocin Kwatano suka shigo da siririn ƙarfe da bamba ta roba, guduma ta ragu, fila da samfefa suka ƙaru.

Abin da bai canza ba tun zamanin Ford shi ne maganar tanda. A kamfani ana gasa bodi tsirara, a zafin da ya kai digiri 140 ko fiye, kafin a sa waya ko kujera. Motar da aka riga aka haɗa ba ta jure haka, shi ya sa ɗakin feshi na zamani ke tsayawa wajen digiri 60, mai fentin gindin bishiya kuma ya dogara da hadina da tina da zafin rana, yana fargabar ƙurar hunturu. Hadinar nan tana cutar da huhu, ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci kuwa ba ya tare ta. Ya kamata iyayen gidansu su saya musu abin rufe hanci na gaske.

Abu ɗaya mai fentin zai iya kafa hujja da shi: baƙin ƙarfe ya fi ɗaukar zafi idan aka shanya shi a rana. Amma baƙi ne ke tona kowace lotsawa da kowane layin samfefa. Don haka, Alhaji na Aujara, a fesa maka farinka. Ka dai tambaye shi kwana nawa zai bar fila da shafin farko su bushe, kuma ranar karɓar mota ka tafi da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙofa, fila ce aka labta.