Kwarin Yowakim: Garin da Ya Haifi Dala, da Waƙoƙin da Suka Fake a Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa ciniki a babbar kasuwar Maradi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san dala. Tsabar da aka rubuta 100 a jikinta dala ashirin ce, takardar 500 kuwa dala ɗari. Kalmar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso bakin Bahaushe. Fatake ne suka kawo ta tare da azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda Turawa ke kira tala, sunan tala kuma gutsure ne daga sunan wani gari na kan duwatsun da suka raba Bohemiya da Saksoni. Jamusawa suna kiran garin Joachimsthal, wato Kwarin Yowakim. Yau yana cikin Jamhuriyar Cek da sunan Jáchymov. Masana tattalin arziki sun san shi saboda kuɗinsa. Masana tarihin addini kuwa sun san shi saboda wani abu da ba ya shiga aljihu: waƙoƙin yabo da iyalai Kiristoci suka riƙa rerawa a cikin ɗakunansu, har suka riƙe musu aƙidarsu shekaru kusan 30 bayan an kore musu malaman addini.

A shekarar 1516 aka kafa garin, bayan an gano azurfa a ƙasar gidan sarautar Schlick. Mahaƙa suka yi ta kwarara daga Saksoni da sauran ƙasashen Jamus, har kafin shekaru 20 su cika mazauna suka kai kimanin 18,000, garin ya zama na biyu a Bohemiya bayan birnin Farag. Tasowarsa ta zo daidai da tasowar Martin Luther, wanda ya fara jayayya da hukumar Ikilisiyar Katolika a 1517. Baƙin da suka cika kwarin sun zo da sabuwar koyarwar a cikin kayansu, kuma ba a daɗe ba garin ya karkata gare ta.

Al'adar rera waƙa ga Allah ta girmi Luther nesa ba kusa ba. Zabura kanta littafin waƙoƙi ce, wasiƙun Manzo Bulus zuwa ga Afisawa da Kolosiyawa kuma sun umarci masu bi su riƙa ƙarfafa juna da zabura da waƙoƙi. Sai dai a Turai ta wancan zamani, mafi yawan waƙar sujada da Latin ake yin ta, kuma a bakin limamai da ƙungiyar mawaƙa take. Abin da Luther ya yi shi ne ya tsara waƙoƙi da Jamusancin da talaka ke ji, ya kuma nemi abokansa su yi haka. A 1524 aka buga littattafan waƙoƙi na farko na mabiyansa: ɗaya mai waƙoƙi 8 kacal, wani kuma da aka buga a Erfurt, ɗan ƙarami, wanda aka yi shi don mutum ya riƙe a hannu ya tafi da shi gida.

Gidan Luther kansa ya zama abin koyi. Bayan ya auri Katarina fon Bora a 1525, suka zauna a tsohon gidan sufaye na Wittenberg, da ƴaƴansu da ɗalibai ƴan haya da baƙi masu wucewa. Luther gwanin kaɗa wani abin kiɗa ne mai tsirkiya, ɗan'uwan gurmi, kuma sau da yawa bayan cin abincin dare akan fito da littattafai a raba muryoyi a yi waƙa. A ƙaramin littafin koyarwar addini da ya wallafa a 1529, ya ɗora nauyin koyar da yara da barori a wuyan maigida, ya kuma shawarci mai bi da ya yi addu'ar safe sannan ya kama aikinsa yana rera waƙar yabo. A ganinsa, kowane uba limami ne a gidansa, kowace uwa kuma malama ce.

Mutum biyu ne suka dasa wannan ra'ayi a Kwarin Yowakim. Na farko Johannes Mathesius, wanda ya shugabanci makarantar garin daga 1532, ya je Wittenberg ya ci abinci a teburin Luther a 1540, ya dawo ya zama babban faston garin daga 1545 har rasuwarsa a 1565. Na biyu Nikolaus Herman, malamin makaranta kuma shugaban mawaƙan majami'a, wanda ya kama aiki a garin tun 1518. An ruwaito cewa idan Mathesius ya yi wa'azi mai ratsa zuciya, Herman yakan koma gida ya mayar da shi waƙa. Da tsufa ya kama shi, ciwon gaɓɓai ya zaunar da shi, sai ya tattara aikinsa. A 1560 aka buga littafinsa da ya mayar da karatun Linjila na kowace Lahadi ta shekara zuwa baitoci, kuma tun a bangon littafin ya faɗi waɗanda ya yi wa aikin: yara da magidanta Kiristoci. Ya rasu a 1561, a shekara mai biyowa kuma aka fitar da littafinsa na biyu, mai labaran ruwan tsufana da Yusufu da Musa da Iliya.

Dabarar Herman mai sauƙi ce, kuma kowane malamin firamare zai gane ta. Baitocinsa gajeru ne, kalmominsa na yau da kullum, karin waƙar kuma irin wanda yaro zai kama da ji biyu ko uku. Ya yi waƙar tashi daga barci, ta cin abinci, ta kwanciya, ta matafiyi, ta mahaƙin da zai shiga rami. Har ƴan mata masu wasan da'ira da yamma, irin gaɗa, ya tsara musu tasu. Garin yana da makarantar maza da ta mata, saboda haka abin da yaro ya koya da rana yakan kai shi gida da dare, uwar da ba ta iya karatu ba ta ɗauka daga bakin ɗiyarta. A majami'a ƴan makaranta sun ci gaba da rera wasu waƙoƙin da Latin. Ainihin mazaunin waƙar Jamusanci shi ne gida da wurin aiki, kuma magidanta ne suka fi sayen littattafan waƙoƙin da kuɗin aljihunsu.

Ranar gwaji ta zo bayan shekaru 60. A watan Nuwamba na 1620 sojojin sarki Ferdinand na 2 suka murƙushe ƴan tawayen Bohemiya a yaƙin Farin Dutse, kusa da Farag. Ƙa'idar zamanin ita ce talaka ya bi addinin sarkinsa, kuma sarakunan ɓangarorin biyu, Katolika da Furotesta, duk sun yi aiki da ita a kan talakawansu ba tare da tausayi ba. A 1623 aka rufe majami'ar mabiya Luther ta Kwarin Yowakim, aka kori fastocinta. A 1627 sabuwar dokar ƙasa ta mayar da Katolika addinin da aka yarda da shi a Bohemiya. Lissafin hukuma shi ne, garken da aka raba da makiyayi ba zai daɗe bai watse ba.

Lissafin bai yi daidai ba. Masanin tarihi Christopher Boyd Brown, wanda ya bi takardun garin ya wallafa bincikensa a 2005, ya nuna yadda sujada ta bar majami'a ta koma ɗaka. Ranar Lahadi maigida yakan tara iyalinsa, ya karanta wa'azi daga littafi, a yi addu'a, a rera waƙoƙin da kakanni suka koya a ajin Herman. Limaman da aka turo sun sami majami'a, amma ba su sami zukatan jama'a ba. Yaran da aka haifa bayan 1623, waɗanda suka tashi babu faston ɗarikarsu a garin, sun girma sun san aƙidar iyayensu dalla-dalla, domin tana cikin baitocin da aka yi musu reno da su. Ana iya ƙwace littafi a ƙone, ana iya sa wa ƙofar majami'a kwaɗo, amma babu dogarin da zai iya binciken abin da uwa ke rerawa tana girki.

Irin wannan ya faru a Faransa ma. Furotestan ƙasar sun kammala mayar da Zabura 150 zuwa baitocin Faransanci a 1562, kuma bayan sarki Luwi na 14 ya soke dokar Nantes a 1685 aka rushe majami'unsu, da waɗannan zabura iyalai suka riƙe addininsu a gidaje da cikin duwatsu.

Sai dai waƙa tana da iyakarta. Sulhun Westfaliya na 1648, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin shekaru 30, bai ba Furotestan Bohemiya wata kariya ba. Da hukuma ta huta da yaƙi sai ta ƙara matsa lamba, aka ba mutane zaɓi biyu: su sauya ɗarika ko su bar ƙasa. Wasu sun sauya. Da yawa kuma suka bar gidajensu da ramukansu na haƙa suka haye duwatsu zuwa Saksoni, inda ƴan gudun hijira daga wannan yanki suka kafa garin Johanngeorgenstadt a 1654. Waƙa ba ta hana su rasa gari ba. Abin da ta yi shi ne ta sa zuriyar da ba ta da malami ta san abin da take ba da gaskiya gare shi, har ta iya yanke wa kanta shawara.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙin karantarwa da Hausa da Fulfulde, jajjinta suka riƙa kai su ƙauyuka, matan da ba su shiga makaranta ba suka haddace su a cikin gidajensu. Kiristocin kudancin Nijar ma ta wannan ƙofa suka bi. Mishan ta SIM ta sauka a Damagaram a 1924, ta buɗe Tsibiri kusa da Maradi a 1927, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Littafin waƙoƙin Hausa da aka yi amfani da shi ya ƙunshi fassarar waƙoƙin Turawa da dama, daga baya matan zumunta suka ƙaro nasu da karin gida, na mai bayarwa da masu amshi. A wurin jama'ar da ba ta da yawa, wadda wani lokaci iyali ɗaya ne ko biyu a ƙauye guda, taron dare a tsakar gida ya riga ginin majami'a, kuma da harshen uwa ake yin sa.

Azurfar Kwarin Yowakim ta fara ƙarewa tun kafin ƙarni na 16 ya ƙare, garin ya koma ƙaramin wuri. Jamusawan da suka rage a cikinsa an kore su bayan 1945. Sunan kuɗinsa ya rayu a dalar Amurka da dalar kasuwannin Nijar. Waƙoƙin Herman kuwa har yanzu suna cikin littafin waƙoƙin Furotestan Jamus, kuma waƙar Kirsimeti da ya tsara wa ƴan makarantarsa ta shiga littafin waƙoƙin Katolika na ƙasar, inda iyalan ɓangarorin biyu ke rera ta kowane Disamba.