Kafin ta zama kansa: labarin gwajin Pap da matan Auckland

1/
Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni. Ina karatun jarrabawa na ci karo da labarin nan, ya hana ni barci. Tambayar ita ce: ta yaya likitoci suka gano cewa kansar bakin mahaifa tana ba da alama shekaru kafin ta iso?

2/
Mu fara daga tushe. Bakin mahaifa yana lulluɓe da wata siririyar fata, ƙwayoyin halitta ne jere hawa-hawa. Wani lokaci sai su fara sauya kama: girmansu ya bambanta, jerin ya hargitse. Amma duk suna nan a sama, ba su kutsa cikin naman da ke ƙasa ba. Wannan ba kansa ba ce tukuna. Ranar da suka keta suka shiga ƙasa, ta zama kansa.

3/
Matsalar ita ce a wannan matakin mace ba ta jin komai. Ba ciwo, ba zubar jini. A da sai cutar ta ci jiki ake ganewa, lokacin kuma sau da yawa an makara.

4/
Sai ga George Papanicolaou, likita ɗan ƙasar Girka da ya koma Amurka a 1913. A Jami'ar Cornell da ɓeran Masar ya fara, yana shafo ruwan al'aurarsu yana dubawa a madubin ƙara girma. Da ya koma kan mutane, matarsa Mary ce ta riƙa ba shi samfur, kusan kullum, sama da shekara 20. Gaskiya matar nan ta cancanci a riƙa ambatonta.

5/
A 1928 ya sanar da cewa ana iya ganin ƙwayoyin kansa a irin wannan shafe. Likitoci suka share shi. Sai da suka fitar da littafi shi da Herbert Traut a 1943 aka fara saurarensa. Gwajin Pap da kuke ji, daga sunansa aka yanko.

6/
To an fara gwaji, sai sabuwar rigima: ga mata da yawa masu sauyin nan, lafiyarsu ƙalau. Lallai ne ya zama kansa? A lokacin magani yakan kai ga cire mahaifa gaba ɗaya, don haka tambayar ba ta wasa ba ce.

7/
A birnin Auckland na New Zealand, wani likita, Herbert Green, ya yi imani cewa sauyin ba ya zama kansa. A 1966 asibitin mata na ƙasa ya amince masa ya gwada. Mata masu sauyi mafi tsanani aka bar su ba cikakken magani, ana ta kiran su ana dubawa. Ba a gaya musu cewa bincike ake yi da su ba.

8/
Abokan aikinsa biyu, William McIndoe da Malcolm McLean, sun yi ta ƙorafi shekara da shekaru, ba a ɗauki mataki ba. A 1984 suka wallafa sakamakon. A 1987 Sandra Coney da Phillida Bunkle suka fasa ƙwan a mujallar Metro. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Silvia Cartwright, rahoto ya fito a 1988.

9/
A 2008 masana suka sake bin takardun matan. Cikin waɗanda ba a cire wa sauyin ba, kusan 31 cikin 100 sun kamu da kansa cikin shekara 30. Waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata, ko 1 cikin 100 ba su kai ba. Wasu daga cikin matan sun rasu. Amsar da muke haddacewa yau don jarrabawa, da rayukansu aka samo ta.

10/
Ku lura kuma: ko a cikinsu, mafi yawa ba su kamu ba. Sauyi mai sauƙi ma yakan warke da kansa. Don haka idan an ce an ga sauyi a gwajinki, ba a ce kina da kansa ba. Sai dai ba mai iya gaya miki ko kina cikin waɗanda nasu zai wuce, shi ya sa ake cire mai tsanani.

11/
Me ke jawo sauyin? Harald zur Hausen na Jamus ya gano ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 a 1983, na 18 a 1984, ya samu kyautar Nobel a 2008. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu sosai, matar aure mai miji ɗaya ma tana iya samu. Don Allah a daina kallonta a matsayin ciwon 'yan iska.

12/
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin sauyin ya zama kansa, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki. Lokaci ne mai yawa, in dai an duba.

13/
A Najeriya an fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a Oktoban 2023. Ga manya kuwa gwaji ne, mintuna kaɗan. Ku tambayi iyayenmu mata da yayyenmu ko sun taɓa yi. Ni ma na tambaya a gida, shiru aka yi mini, gobe zan sake. Allah Ya ƙara mana lafiya.