Lobi, Mutanen Da Ba Su Naɗa Sarki Ba

Mu da muka tashi ƙarƙashin sarakuna mukan zaci ƙasar da ba ta da sarki ba ta da doka. To, labarin Lobi ya isa ya gyara mana wannan zato.

Wajen shekarar 1770 suka fara ƙetare kogin Volta daga ƙasar da yau ake kira Gana, suka zauna wajajen Gaoua cikin Burkina Faso, daga baya suka bazu har Bouna cikin Kwaddibuwa. Ba su gina birni ba. Kowane maigida da gidansa na ƙasa mai kama da ganuwa, tsakaninsa da maƙwabci misalin nisan harbin kibiya.

To, me ya riƙe su? Zumunta da al'ada. Dangin uwa huɗu ne: Kambu, Da, Hien da Pale. Shanu ɗan 'yar'uwa ke gadonsu, gona kuwa ta wajen uba take bi. Ko suna bisa jerin haihuwa yake: ɗan fari Siye, mabiyinsa Sansan, na uku Ollo. Kowace unguwa da mai kula da tsafin ƙasa, wanda ke tsare dokokin wurin. Duk shekara bakwai akan kai yara bakin kogin nan a shigar da su cikin manya, shi ne joro.

Da Faransawa suka zo, ba su sami sarkin da za su kama ƙasa ta miƙa wuya ba, sai gida gida, suka shekara da shekaru suna shan kibiya mai dafi.

Saboda haka, 'yan makaranta, kada mu raina tsarin wasu don bai yi kama da namu ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.