Dajin da ya ƙaura zuwa cikin gonaki

Abin da muke koya wa yara a lakwal game da daji kusan magana ɗaya ce: da can akwai itatuwa, mutane suka sare, hamada ta matso. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin labarin ke nan. Shekaru biyu ke nan ina tattaki da ɗalibaina a gonakin da ke kewaye da Maradi, muna gwama abin da ƙafa ta taka da hotunan sama na Google Earth, kuma tarihin da muke karantowa ya fi wannan faɗi.

Bayan jihadi, sarakunan Katsina da aka kora sun kafa sarautarsu a Maradi, Gobirawa kuma a Tibiri. Tsakanin Maradi da birnin Katsina sai aka bar daji mai duhu wanda ba mai iya zama cikinsa saboda hare-hare daga ɓangarorin biyu. Yaƙi ne ya tsare wannan daji. Dajin Baban Rafi da ke gundumar Madarunfa saura ne daga cikinsa. Da yaƙi ya ƙare a zamanin Turawan Faransa, jama'a suka fantsama suna kafa ƙauyuka, ga noman gyaɗa don biyan haraji, gatari ya shiga. In ka duba hoton sama na yau za ka ga iyakar Baban Rafi a fili, duhun itace a nan, farin gonaki a can. Ba na kai yara wajen saboda halin tsaro na bakin iyaka. A waya muke kallonsa.

A 1935 Faransa ta kafa dokar daji wadda ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sahunta. Manomi na iya shan tara a kan gawon da ke tsakiyar gonarsa. To mai hankali ya bar tsiro ya girma don ya jawo masa ma'aikatan gandun daji? Sai ya sassabe gona ƙwal. Dattawan da muke tambaya a ƙauyuka sun fi tuna wannan tsoro fiye da ranar da aka dasa wata bishiya. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa aikin, har a watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro a Maradi kan yaƙi da hamada.

Abin da ya biyo baya ne littattafanmu ba su cika faɗa ba. Dashen da aka yi ta yi, mafi yawansa ya mutu. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maradi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace shekara suna fitowa ne daga kututtuka masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a bar su. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani. A ganina ba sabon ilimi ne gare su ba, mutanen Magarya da Matamai sun daɗe suna ririta gawo. Abin da ya sake shi ne tsoron tara ya ragu, dokar 2004 kuma ta ƙara sassauta lamarin. Da Gray Tappan, masanin taswira na Amurka, ya gwama hoton garin Galma na jahar Tawa na 1975 da na 2003, ya tarar itatuwa sun ninka, alhali jama'a ma sun ƙaru. Ƙiyasin masu bincike shi ne hekta miliyon 5 da itatuwa wajen miliyon 200 a faɗin ƙasa.

Ga malamin da ke son gwadawa, hotunan da suka faro daga 1984 ba sa nuna bishiya ɗaya ɗaya, sai dai duhu da haske. Na bayan shekara ta 2000 ne ke bari ka ƙirga. Zaɓi hoton rani: gawo yana da ganye a lokacin da sauran suka kaɗe, shi ya sa yake fitowa sarai. Amma hoto ba zai gaya maka wannan kalgo ne ko sabara ba, kuma ba zai nuna maka kututturen marke mai faɗin gammo biyu da ke gefen hanya ba, shaidar irin itacen da ya taɓa tsayuwa a wurin. Marke da taramniya sun yi ƙaranci a inda muke bi, abin da ya dawo galibi kalgo ne, sabara da gawo. Ke nan dajin da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba.

Ina sa kowane yaro ya tambayi kakansa ma'anar sunan unguwarsu ko fadamarsu. Gulbin Kaba dai sunansa ya faɗi abin da ke cikinsa. Muna rubuta sunan, mu nemi wurin a taswira, ranar Asabar mu je mu ga ko itacen yana nan.